Yadda Ake Auna Tasirin Binciken Masanin Ƙwaƙwalwa da Ji

Mai son auna tasirin masanin da ke nazarin ƙwaƙwalwa da ji, sai ya fara neman sunansa a PubMed, rumbun maƙalolin kimiyyar lafiya na intanet, domin ya ga maƙalolin da ya wallafa, sannan ya leƙa Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ya ga sau nawa wasu masana suka ambace su. A can zai tarar da ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan ma'aunin ya kai 30, masanin yana da maƙaloli 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Ya kamata a cire ambaton da ya yi wa kansa, a kuma kwatanta shi da tsararrakinsa na fanni ɗaya kawai, domin ma'aunin yana fifita dattawa a kan matasa.

Daga nan sai a duba ko aikin ya isa asibiti, wanda a ganina ya fi lissafi nauyi. Misali, a 1978, likitan kunne Graeme Clark ya dasa wa wani kurma a birnin Melbourne na Ostiraliya na'urar da ke motsa jijiyar ji da lantarki, kuma irinta ake dasawa har yau. Don gano irin wannan tasiri, a bincika takardun mallakar fasaha da ƙa'idojin jinya da suka dogara da binciken.