Babi na Bakwai: Tsakuwar Ƙoda, Jiri da Ido

Darasi na 1: Ƙirga ruwan sha

Ku buɗe littafi. Mu karanta tare, a hankali: ƙo-da, ƙoda. Ru-wa, ruwa. Li-ta, lita. Ku lura da ƙugiyar da ke kan ƙ. In kun bar ta, kun rubuta "ko da", ba ƙoda ba.

Tsakuwar ƙoda gishiri ne da ke cikin fitsari yake daskarewa idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Wanda ya taɓa yi ya san ciwon: daga kwiɓi yake tasowa ya gangaro mara, mutum ya kasa zaune ya kasa tsaye. A da, in tsakuwa ta ƙi fita sai an tsaga mutum. A watan Fabrairu na 1980, a birnin Munik na Jamus, wani likita mai suna Christian Chaussy da abokan aikinsa suka farfasa tsakuwa a jikin majiyyaci ba tare da wuƙa ba. Sun kwantar da shi cikin bahon ruwa, wata na'ura ta riƙa aika bugu mai ƙarfi ta cikin ruwan har tsakuwar ta zama rairayi, ta fita da fitsari. Kamfanin Dornier, masu ƙera jiragen sama a wancan lokacin, su suka ƙera na'urar.

To, mu namu aikin shi ne kada a kai ga nan. Ku ɗauko ledar fiya wata. Ku nemo inda aka rubuta 50cl. Wannan rabin lita ke nan. Leda 2, lita 1. Leda 6, lita 3. Wanda ya taɓa yin tsakuwa, kusan haka likitoci ke so ya sha kullum, sai mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta yi rauni, shi ya tambayi likita tukuna.

Ga aikin: duk ledar da ka shanye, ja layi ɗaya a takarda. Ka shanye, ka ja. Ba kafin ka sha ba, ba kuma da dare ka zauna kana tunanin nawa ka sha ba. Nan take. Kada ku damu in layin ya karkace, layi dai layi ne. Baba, ko da gawayi ne a jikin bango, ja. Hajiya, in hannu na cikin kwaɓi, ajiye ledar a gefe, kina wanke hannu ki ja.

Mu sake. Na sha leda ɗaya, me zan yi? Layi ɗaya. Na sha rabi na ajiye? Ba layi sai na ƙarasa.

A ajin bara wani dattijo ya kawo mini takarda, layuka shida-shida reras na kwana bakwai, duk da biro ɗaya, a zama ɗaya. Haba! Ni za a ruɗa ko ƙodar? Wallahi wannan abu na faɗa har bakina ya gaji. Ka shanye, ka ja. Da azumi ma haka, tsakanin buɗa-baki da sahur.

Darasi na 2: Jiri

Karanta: ji-ri. Abin da ke riƙe mutum kada ya faɗi yana can cikin kunne. Robert Barany, likitan kunne a Biyana ta Ostiriya, ya lura cewa in aka wanke wa mutum kunne da ruwan sanyi sai jiri ya kama shi, idonsa ya riƙa fizga. In da ruwan ɗumi ne, idon ya fizga ɗaya gefen. Da wannan ya samu kyautar Nobel ta 1914, labarin ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Shi ya sa likita ke kallon idonka alhali jiri ka kawo. Kada wanda ya je gida ya ɗura wa kansa ruwa a kunne.

Rubuta: dama, hagu. In jiri ya zo kana juyi a kan gado, rubuta gefen da ka juya, ka kai wa likita.

Darasi na 3: Ido

Rufe ido ɗaya da tafin hannu, karanta layin farko na wannan shafi. Sauya ido. In ɗaya ya fi dishi-dishi, je asibitin ido. A zo da takardar layuka ranar Litinin.