Yadda nake shigar da bangon bulo mai ɗaurin kankare cikin ETABS

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka tambayi birkila abu ɗaya: me zai fara tashi, bango ko pila? Idan bulo za a fara jerawa, a bar haƙora a bakin bangon, sannan kafinta ya rufe da katako a zuba kankare, to bangon ne ke ɗauke da ginin, pilar kuwa ɗauri ce kawai da ke hana shi tarwatsewa. Haka gidajenmu da yawa na Kano da Zariya suke tashi, amma sai ka ga an zana su a ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini, kamar firam, wato ƙashin gini na pila da bim, a ɗora nauyin bulo a kan bim a wuce. Wannan yana damuna ƙwarai, domin lissafin wani gini ne daban da wanda za a kwana a ciki.

Ƙasashen da girgizar ƙasa ta dama, irin su Meziko da Peru da Chile, sun daɗe da tsara wannan salon. A Chile, gidajen da aka ɗaure yadda ya kamata sun nuna juriya a girgizar 2010 mai ƙarfin 8.8.

Ni hanyar da na fi so ita ce ta faffaɗar pila, wadda injiniyoyin Meziko suka saba da ita. Kowane bango, haɗe da pilolinsa biyu, sai ka mayar da shi sanda guda a tsaye a tsakiyarsa. Daga wannan sandar zuwa bakin bangon ka sa bim mai tsananin tauri wanda ba ya lanƙwasa, sai a kan ƙofa da taga kawai ka bar bim ɗin da taurinsa na gaskiya. Inda aikin yake shi ne fitar da girman sandar. A ce bango mai tsawon mita 4, bulo inci 9, wato kauri milimita 225, da pila 225 sau 225 a kowane gefe. Idan gwaji ya ba ka ƙarfin bangon megafaskal 3, Eurocode 6, ƙa'idar Turai ta ginin bulo, ta ba da shawarar a ninka da 1000, taurinsa ya zama megafaskal 3000. Na kankare yana wajen 30,000. Ke nan kowace pila za ka ninka faɗin cikinta, wato 225 sau 225 ɗin nan, da 10 kafin ka haɗa da na bulo. Ga ƙarfin da ke tura bango ta gefe kuwa, kada ka ninka, ka yi amfani da faɗin bangon, wato tsawonsa sau kaurinsa, yadda yake. Kuma ka tuna bulonmu mai rami ne. In ka ɗauke shi a matsayin cikakken 225, ka ba shi taurin da ba shi da shi. Ka kai bulon wurin aikin ɗakin gwaji, kada ka dogara da maganar mai buga shi.

Idan tagogi sun yi yawa ko sun saɓa layi tsakanin benaye, sai na koma ga shimfiɗa bangon a matsayin shel, wato faifai ɗaya shimfiɗaɗɗe maimakon sanda, na yanka shi gida-gida kamar rabin mita, na tabbatar kowace mahaɗa ta bango ta faɗa kan ta pila. In ba su haɗu ba, manhajar za ta ɗauka ba su san juna ba. Ka ba bango da pilolinsa laƙabin Pier guda, wato sunan da ETABS ke tara sassan bango a ƙarƙashinsa, don ka karanta ƙarfinsu a dunƙule. Ɗaya hanyar kuma, ta sandar da ake gittawa daga kusurwa zuwa kusurwa a madadin bango, ka bar ta ga bangon da aka cusa bayan firam ya bushe.

Bango yana tsagewa da wuri, shi ya sa Eurocode 8, ƙa'idar Turai ta ginin da zai jure girgizar ƙasa, ta yarda a ɗauki rabin taurinsa idan ba a yi lissafi mai zurfi ba. Ita ce kuma ta ce kada tazarar pilolin ɗauri ta wuce mita 5, kada gefensu ya gaza milimita 150, kuma duk ƙofa ko tagar da ta wuce murabba'in mita 1.5 a ɗaure ta gefe biyu. Bangon da bai cika waɗannan ba, ina sa nauyinsa kawai, ba na ƙirga taurinsa.

Bayan manhaja ta gama, ka ɗauki biro ka tara faɗin bangwayen kowace fuska, ka raba ƙarfin gefe a kansu, ka gwada da abin da ta ba ka. Gidajen da shaguna suka cinye gabansu su ne ke fitowa da ƙarancin bango ta fuskar titi, kuma a nan nake fara neman inda zan ƙara bango ko na ƙara masa kauri.