Ƙasan Ɗaki a Faransa: Ga Ƙannena Masu Shirin Tafiya

Tunda na zo hutu Maradi samari ke sallama a zaurenmu na Mokoyo, kowa tambayarsa biza da kuɗin jirgi. Asusun banki da katin shiga mota kuwa, 'yan uwanmu na Liyon za su raka ku ku gama cikin 'yan kwanaki, don wajen riƙon baƙo ba a fi mu ba. Ƙasan ɗaki ne ba mai tambaya, shi kuwa ya ci mini yuro 600, kusan jaka 394.

Tsofaffin gidajen can da katako aka shimfiɗe su, parke suke ce masa. Na riƙe shi riƙon simintin gida: in kwara ruwa in goge, buta a bakin ƙofa, kaskon turare a ƙasa. Kafin shekara bakin ƙofar ya yi baƙi, ga tabon garwashi biyu. Tsoro ya sa na ɗauko hayar injin gogewa ban faɗa wa mai gida ba. Ɗakin ƙarami, injin ƙato. Na ɗan tsaya wuri guda in gyara waya, ya ci katakon ya bar kwari kamar tafin hannu. Kan wata ƙusa da ban nutsar ba ya yaga samfefar.

In dole sai kun goge, ku fara karɓar izinin mai gida a rubuce. Samfefa lamba 40, sannan 80, sannan 120, ana bin tsawon katako, inji ba ya tsayawa. Gefen bango da lungu sai ƙaramin inji. Ku sa takunkumi, ku zuƙe ƙurar tas kafin shafa man sheƙi. In kuma shimfiɗar laminat ce, hoton katako ne kawai a sama, ba a goge ta sam.

Amma tun ranar karɓar makulli ake tsira. Akwai takardar duba gida: kowane tabo a rubuta shi, ku ɗauki hoto. Doka ta ba ku kwana 10 ku nemi a ƙara abin da kuka gano daga baya, kuma lalacewar tsufa ba a kan ɗan haya take ba. Bara wani yaro ɗan unguwarmu ya sa hannu bai ko sunkuya ya dubi ƙasa ba, wai mai gidan mutumin kirki ne. Da ya tashi fita, tabon da ya tarar shi aka cire masa a kuɗin ajiyar da ya ba mai gida lokacin shiga.