Kayan sanyin maigida da yara maza: kurakuran da muke yi daga kasuwa zuwa bahon wanki

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano sai ta cika ta batse. Iyaye na ta ɗaga suwaita sama suna dubawa, 'yan gwanjo na ta kiran a zo a zaɓa. Na yi shekaru ina shiga wannan turmutsutsin, domin maza huɗu nake saya wa kaya: maigida da yara uku. Abin da na gani shi ne wata asarar a kasuwa ake yin ta, wata kuma a gida wurin wanki, kuma ta biyun ta fi ciwo, tunda kayan kirki ne aka saya aka lalata da hannu.

Kuskuren farko kowa ya san shi amma ana ta maimaitawa: jira sai yaro ya fara rawar ɗari da asuba sannan a tafi kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Disamba kowa nema yake, farashi ya hau, masu kyau an tsince. Oktoba ne lokacin saye, ko kuma ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da zafi ya fara leƙowa kuma mai kaya ke son ya rabu da ragowar ya sa kuɗinsa a wani abu. In kuna da wanda kuka saba saye a wurinsa, a Wambai ne ko Kasuwar Barci ta Kaduna ko Katako ta Jos, ku tambaye shi ranar da zai buɗe dila. Wanda ya riski buɗe dila shi ke zaɓen farko.

Sayen rigar da ba ta sanyinmu ba

Nan ne na fi so a tsaya, domin nan aka fi zubar da kuɗi. Yawancin jaket masu kumburi da ke cikin dila an ɗinka su ne don ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, irin su Kanada da arewacin Turai. Mu kuwa a Kano, a tsakiyar Janairu, sanyin asuba yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wani lokaci ya ɗan sauka ƙasa da haka, amma kafin azahar ya kusa 30. Namu sanyin na dare ne da safiya, kuma iska busasshiya mai ƙura ce ke ƙara masa kaifi.

Ga abin da ke faruwa. An sa wa yaro ƙatuwar jaket ƙarfe bakwai ya tafi makaranta. Kafin a fita tara ya jiƙe da gumi, sai ya tuɓe ta ya ajiye a bakin taga, iska ta bugi jiƙaƙƙen jikinsa. Ranar da aka yi sa'a ya dawo da ita a hannu, ranar da ba a yi ba ta tafi ke nan. Sau biyu hakan ta same ni da ɗana na tsakiya kafin na gane inda matsalar take.

Gyaran shi ne a haɗa marasa nauyi biyu ko uku: singileti na auduga a ciki, riga mai dogon hannu, sai suwaita mara kauri a sama. Rana ta yi, ya cire ta saman ya naɗe ta shiga jakar littattafai. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ke riƙe ɗumin jiki, shi ya sa sirara biyu sukan fi kakkaura ɗaya amfani.

Akwai waɗanda jaket mai nauyi ta dace da su. Mai gadin dare, mai hawa babur zuwa aiki da sassafe, direban da ke kwana a hanya, da yaron da ke makarantar kwana a Jos ko Pankshin, ballantana wanda aiki ya kai Gembu a kan tsaunin Mambila. Ga mai babur, abin dubawa shi ne bayan rigar ya zama irin wanda iska ba ta ratsawa. Suwaita saƙaƙƙiya komai kaurinta iska shiga take ta ramukan saƙar.

Maigida mai sa kaftani kuwa, kada a saya masa suwaita mai tudun wuya. In ya sa ta a ciki wuyan kaftanin ba zai rufu ba, in ya ɗora ta a sama ta murƙushe gugar shaddar. A nemo siririya mai buɗaɗɗen wuya wadda za ta kwanta a ƙarƙashi, da dogon wandon ciki mai kama jiki. Maza da yawa ba sa tunanin ƙafa, alhali wandon shadda ba ya tare komai.

Haka nan ana kashe kuɗin duka a kan riga a manta da hular sanyi da safa. Yaro ya yi alwala da ruwan sanyi ya zura silifas ya tafi masallaci da asuba, kunnuwa a waje. Hula mai rufe kunne da safa uku-uku ga kowane yaro ba su kai kuɗin jaket ɗaya ba. Safa da ɗan man kaɗanya a diddige kafin barci su ne maganin faso.

Takardar da ke cikin riga

Kowace riga ta gwanjo tana da 'yar takarda a wuya ko a gefen ciki, kuma kaɗan ne ke karanta ta. Ita ke faɗin ko ulu ne, ko auduga, ko zaren roba irin akirilik da foliyesta. Zaren roba yana da araha, yana bushewa da wuri, ba laifi ba ne a saye shi. Amma ina roƙon iyaye su san abu ɗaya: in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Yaranmu maza su ne masu zagaye wutar kara da safe suna jin ɗumi, su ne masu miƙa hannu kan kurfoti. Yaron da kuka san ba ya rabuwa da bakin murhu, ku ba shi ulu, wanda ba ya saurin kama wuta, kuma ku guji riga mai faffaɗan hannu. Tunda an zo maganar, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari, kuma mai barci ba ya jin shigarsa.

Lambobin da ke jikin kayan yara na Turai ma suna rikita mutane. In kun ga 116 ko 128 ko 140 ko 152, tsawon yaron ne a santimita, wato kimanin ɗan shekara 6, 8, 10 da 12. Ku auna yaro a jikin bango kafin ku fita, ku rubuta a takarda. Ƙarin mataki ɗaya don ya yi masa baɗi daidai ne. Amma a sayo wa ɗan shekara shida rigar ɗan shekara goma sha biyu wai zai girma a ciki, iska ce za ta riƙa shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, hannun kuma yana jan ƙasa. Gara a sayi daidai, in ta yi masa kaɗan ta koma kan ƙaninsa ko almajirin gida, wanda sau da yawa shi ya fi kowa buƙata.

Sauran dubawar ba wuya. A fito da riga cikin haske a ɗaga ta sama, ramukan asu za su bayyana. A duba hammata da bakin hannu, a ja zif sama da ƙasa sau biyu. Maɓallan rigar maza a gefen dama na mai sawa suke, na mata a hagu, kuma ana yawan haɗa su a tuli ɗaya. In rigar ƙaramin yaro tana da igiya a wuyan hula, a zare ta gaba ɗaya, domin takan maƙale a ƙofa ko reshe ta shaƙe yaro.

Kuma don Allah kada a sa wa yaro gwanjo daga leda. Hannaye nawa suka taɓa ta, ta kwana a ƙasa nawa? A wanke, a shanya a rana sosai. Ta auduga a wanke da ruwan zafi a goge. Wadda ba ta jure zafi a ƙulle ta a leda mako guda kafin wanki, abin da ke kawo ƙaiƙayi ba ya rayuwa tsawon haka ba tare da jikin mutum ba.

Bahon wanki

Mun taso muna auna tsabta da yawan kumfa. Sai a zazzage omo a baho har hannu ya yi santsi, a ɗauraye sau ɗaya saboda ruwa ya yi sanyi ko mai ruwa bai zo ba. Ragowar omon nan yana zama a cikin zare, kuma suwaita ta fi kowace riga riƙe shi. A lokacin da fatar yaro ta riga ta bushe ta yi fari saboda hunturu, sai ya kwana yana susa, a ce ƙurajen sanyi ne. A rage omo, a ƙara ɗauraya har ruwan ya fito garau. In ruwa ne ya yi ƙaranci, gara a rage yawan wankin. Suwaitar da ake sawa a kan wata riga ba ta buƙatar wanki kullum, a kakkaɓe ƙurar a rataye ta sha iska, singiletin ciki da safa su ne na wankin yau da gobe.

Wurin saye ma ana kuskure. Omon awo da ake zubawa a leda babu suna, da sabulun da aka cika wa soda, araharsu ke jan mutane, amma araha ba ta ado. Soda mai yawa tana cin hannu, wanda dama ya tsattsage da sanyi, tana kuma koɗar da launi. Ƙananan ƙullin omo na kanti kuwa, in aka tara kuɗinsu a wata, sun fi babbar leda tsada. Mu a layinmu mukan haɗa kuɗi gida uku ko huɗu a sayo katan a Kasuwar Singa a raba. Sannan a lura da irin ruwan gida. In rijiyarku ko burtsatsenku mai zartsi ne, sabulun sanda ba zai yi kumfa ba, sai dai ya bar wani farin dauɗa a jikin kaya masu duhu. Irin wannan ruwan omo ya fi dacewa da shi.

Ulu shi ne abin da aka fi kashewa. Uwa ta tausaya wa hannunta ta dafa ruwa, ta jiƙa suwaitar maigida a ciki, ta cuɗa ta murɗe. Da ta bushe sai ta koma ta ɗan shekara goma, ta yi tauri kamar tabarma, kuma ba ta dawowa. Zafi da cuɗa su ke sa gashin ulu ya sarƙe da juna. Alamar baho mai lamba 30 a jikin takarda tana nufin kada zafin ruwan ya wuce digiri 30, wato ruwan da hannu ba ya jin zafinsa. Omo mai ƙarfi irin na cire tabon jini da maiƙo ma bai dace ba, domin sinadarin da ke narkar da tabon yana cin ulu, tunda shi ma daga jikin dabba yake, kamar jinin. Ɗan shamfu na wanke kai ya wadatar. A matsa a hankali, kada a murɗe, a naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, a shimfiɗa a kwance a inuwa. In aka rataye ta a igiya da ruwa a jiki, nauyin zai ja ta har kafaɗun su zazzago.

Bilic, ko Hypo ne ko Jik, na fararen kayan auduga ne kaɗai. A kan ulu narkar da shi yake, a kan mai launi kuma kun san sauran. Abu biyu ne nake jin tsoro game da shi. Na ɗaya, haɗa shi da ruwan wanke masai don wai ya ƙara ƙarfi: haɗin yana tayar da iskar da ke ƙona huhu, musamman a banɗaki mara taga. Na biyu, sayen na awo a zuba a gorar ruwa ko ta lemo. Yaro mai ƙishi ba ya karanta komai, gora ya gani. A bar shi a mazubinsa, a ɗora inda hannu ba ya kai.

Shanya a hunturu ba ta son daɗewa. Iskar a bushe take, kaya marasa kauri kan bushe cikin awa ɗaya ko biyu, amma sai a bar su tun safe har magariba, fararen kaftani su koma ruwan ƙasa, a sake wanki. A juya kaya ciki waje, a kwashe da zarar sun bushe. Ranar da hazo ya yi yawa a shanya a rumfa ko a ɗaki. In kuna kai wa mai wanki da guga, ku ware masa kayan sanyi ku gaya masa kada dutsen guga ya hau na roba, domin dutsen gawayi ba a iya rage masa zafi, taɓawa ɗaya ya bar sheƙi ko rami.

Idan Maris ya shigo aka zo ajiya, a wanke komai tukuna, domin asu ya fi bin ulun da ke da gumi da maiƙo. A tabbatar ya bushe ƙayau kafin a sa a jaka, saboda damina na tafe. Game da kafur, fararen ƙwallayen nan da muke watsawa a akwati, a yi hattara. Yaro kan ɗauka alewa ce. Kuma akwai yara, galibi maza, da aka haifa da wani rauni a jini wanda warin kafur kaɗai kan sa jininsu ya farfashe, jariri ya yi shawara mai tsanani. Gidan da ke da jariri ko ake jiran haihuwa, kada kafur ya kusanci kayansa ko bargonsa. Ni busasshen ganyen darbejiya nake sawa a ƙasan jakar, in ɗaure bakinta sosai, in rubuta sunan kowane yaro da tsawonsa na bana a jiki, don in Oktoba ta zo in san wanda zan fara nema wa.