Yadda Ake Ƙona Gaisuwar Ayalan da Ƙullinta a Allon Bango

A gidajen ƙasar Ayalan, akan rataya allo kusa da ƙofa mai ɗauke da "Céad Míle Fáilte", wato maraba sau dubu ɗari. Akan haɗa shi da zanen ƙulli mai kai uku, irin saƙar zanen da ke cikin Littafin Kells, wani tsohon kwafin Linjila mai ado da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800.

Ka samu farin katako busasshe, santimita 40 da 20, kauri 2. Kada ka ɗauki mai fenti ko falawud, hayaƙin fentin da na gam ɗin guba ne. Katako mai ƙaro kuma yakan tafasa ya ɓata layi. Goge shi da samfefa lamba 120, sannan 220, kana bin jijiyarsa.

Ƙullin ne ke son natsuwa. Zana alwatika mai gefe uku daidai, kowane gefe santimita 12. Kafa tsinin kamfas a tsakiyar kowane gefe, ka buɗe shi santimita 5.5, ka ja rabin da'ira ta ciki. Sake ja da 6.5, sai igiya mai faɗin santimita 1 ta fito. Igiyar za ta gitta kanta a wuri uku. Bi ta da yatsa: in ta hau sama a nan, dole ta shige ƙasa a mahaɗa ta gaba. Goge layin fensir na wadda ke ƙasa tun kafin wuta ta taɓa. Wanda ya bar sama biyu a jere ya kashe saƙar, kuma ƙuna ba ta goguwa.

Sai rubutu. Karan da ke kan é, í da á sunansa fada, kuma ba ado ba ne: "cead" babu shi izini take nufi, ba ɗari ba. In za ka ƙara ganyen shamrock, tsiron da ke alamar Ayalan, uku ne, ba huɗu ba.

Gwada zafin alƙalamin ƙona katako a guntu tukuna. Ja shi zuwa wajenka a hankali, kada ka danna. Tsayawa wuri ɗaya ke haifar da baƙin ɗigo. Ƙara duhu kaɗan inda igiya ta shige ƙasa don ƙullin ya taso.

Shafa fanish sau biyu, na farko ya bushe sosai kafin na biyu. Rataye shi inda rana ba ta dukansa, domin haskenta na koɗar da ƙunar.