Yadda Ake Shawo Kan Damuwar Yau da Kullum Ba Tare da Cutar da Jiki Ba

Damuwa ba ta tsayawa a tunani kaɗai. Da zarar magidanci ya ga kiran mai gidan haya a wayarsa, ko uwa ta tuna cewa gobe za a koro yara saboda kuɗin makaranta, wasu ƙananan sassan jiki da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adirinalin da kotisol cikin jini, sai bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, wuya da kafaɗu su ɗaure. An halicci jiki da wannan shiri ne domin kuɓuta daga haɗarin da ke zuwa ya wuce, amma tsadar rayuwar da ta tsananta a Najeriya tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba irin wannan haɗari ba ce, domin da ita ake kwana, da ita ake tashi. Idan jiki ya daɗe a haka, sai barci ya lalace, ciwon kai ya yawaita, fushi ya zama a kusa, hawan jini kuma ya samu ƙofa.

Mataki na farko shi ne mutum ya san alamar da jikinsa ke fara nunawa. Wani cizon haƙora yake yi, wani cikinsa ne ke murɗawa, wani kuma sai ya ji ya daka wa yaro tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya san alamarsa zai iya tsayawa tun kafin ya furta abin da zai yi nadama a kansa.

Mataki na biyu, idan alamar ta bayyana, sai a fara da jiki, domin ƙwaƙwalwar da ke cikin firgici ba ta sauraron hujja. A zauna, a sassauta kafaɗu, a ɗora hannu a kan ciki, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu har hannun ya ɗago, sannan a fitar da shi ta baki a hankali ana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashin ne ke rage gudun zuciya, don haka kada a gaggauta shi. Minti biyu zuwa uku sun isa, kuma ana iya yi a cikin adaidaita sahu ko a layin banki ba tare da kowa ya lura ba. Musulmi sun san koyarwar da ta ce mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya kwanta idan fushin bai tafi ba. Ita ma da jiki ta fara.

Mataki na uku shi ne wanda a ganina ya fi kowanne amfani, kuma shi aka fi rainawa. A samu takarda da biro, ba waya ba, a rubuta duk abin da ke cin rai, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ƙawatawa ba: bashin mai kanti, maganin mahaifiya, rigimar wurin aiki, ankon bikin da aka matsa sai an yi. Daga nan a ja layi a raba su gida biyu, waɗanda ke hannun mutum da waɗanda ba su hannunsa. Farashin buhun shinkafa ba ya hannun kowane magidanci, amma zuwa wurin mai kanti a yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan yana hannunsa, haka ma cewa ba za a iya ankon bana ba. Daga cikin na hannu a zaɓi guda ɗaya tak, a rubuta ranar da za a yi shi da lokacin. Yawanci abin da ke hana barci ba girman matsalar ba ne, curewarsu wuri ɗaya ne ba a san ta inda za a kama ba. Waɗanda ba su hannu kuwa, nan ne muhallin addu'a da tawakkali, bayan an yi abin da za a iya.

Sai barci. Baligi yana buƙatar aƙalla sa'o'i 7 a dare, kuma abin da ke sace su a wurin da yawa shi ne shayi mai kauri a teburin mai shayi bayan isha'i, da goro, da lemon ƙara kuzari. Duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda kusan rabinsa ke nan a jiki bayan sa'o'i 5, saboda haka ya fi kyau a tsayar da su daga la'asar. A ajiye waya nesa da shimfiɗa, domin labaran hare-hare da muhawarar Facebook ba abin kwanciya da su ba ne. Ƙailula, wato ɗan barcin rana, tana da amfani idan ba ta wuce rabin sa'a ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a kwanaki 5. Tattaki da ɗan sauri bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ya wadatar, kuma matar da ba ta samun fita za ta iya zagaya tsakar gida.

Bayan haka a nemi mutum ɗaya mai riƙon amana a faɗa masa abin da ake ciki. Mun taso ana yabon haƙuri, kuma ya cancanci yabo, sai dai da yawa sun ɗauka ma'anarsa shi ne yin shiru har ciwo ya kwantar da mutum, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ba majalisa ake nufi ba, inda maganar za ta zaga unguwa kafin magariba. Aboki ɗaya, ko yaya, ko malami mai fahimta ya isa.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne neman sauƙi a kemis ba tare da takardar likita ba. Tiramadol da ƙwayoyin barci da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, sukan rufe damuwar na 'yan sa'o'i, sannan su ƙara wa mutum jarabar da ta fi ta nauyi.

Idan kuwa baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2 a jere, ko cin abinci da aiki sun gagara, to lamarin ya wuce damuwar yau da kullum, sai a ga likita. Ana iya farawa daga asibiti mafi kusa, a auna jini a yi bayani, su kuma su tura mutum gaba idan da buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa kada ya jira makon biyu: a ranar ya faɗa wa wani na kusa da shi, a raka shi asibiti.