Yadda ake riƙe kalmomin tarihi da mulki: a fara daga gida

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar tarihi a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, da Faransanci yake ɗaukar darasi, amma idan ya zauna da littafinsa bayan sallar isha'i, da Hausa ko Fulatanci yake tunani. Shi ya sa da yawa suke haddace kalmomi irin su jamhuriya, tarayya da halifanci ba tare da sun iya bambance su ba. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a ɗaure kowace kalma da shekara da kuma wurin da mutum ya sani, kafin a kai ta ƙasashen nesa.

Ka raba shafin littafinka gida biyu, kalma a hagu, abin da ya faru a ƙasarmu a dama, ka fara da sunayen da Kamaru ta amsa. Ranar 1 ga Janairun 1960 ɓangaren da ke hannun Faransa ya sami 'yancin kai a matsayin jamhuriya, wato ƙasar da ba a gadon kujerar shugabanta, kuma Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, shi ne shugaba na farko. A 1961, bayan ƙuri'ar raba gardama, kudancin ɓangaren Ingila ya haɗe da mu, aka zama Jamhuriyar Tarayya mai jihohi biyu, kowace da firaministanta da majalisarta, gwamnatin tsakiya kuma tana Yawunde. Ƙuri'ar 20 ga Mayun 1972 ta soke wannan tsari, iko ya tattaru wuri guda. Daga nan za ka gane cewa jamhuriya tana magana ne kan yadda shugaba ke hawa kujera, tarayya kuwa kan yadda ake raba iko tsakanin yankuna. Sai ka gwada a waje: Amurka da Najeriya sun haɗa duka biyun, Faransa jamhuriya ce amma ba tarayya ba, Beljiyam kuwa tarayya ce da ke da sarki.

Haka za ka yi da mulkin mallaka. Jamus ta kafa nata a 1884, bayan Yaƙin Duniya na Farko aka raba ƙasar tsakanin Faransa da Ingila, sannan a 1946 ta koma riƙon amana ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda mai riƙon amana yana ba da rahoto kuma yana shirya ƙasa ta tsaya da ƙafarta, ko da yake talakan da ake karɓar harajinsa bai ga babban bambanci ba.

Halifanci ya fi buƙatar natsuwa, domin kalma ce ta addini da mulki a haɗe. Halifa shi ne wanda ya gaji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajen shugabancin al'umma, ba wajen annabci ba, kuma Sayyidina Abubakar ne na farko a 632. Umayyawa sun riƙe shi a Dimashƙ, Abbasiyawa a Bagadaza har zuwa 1258, Turkiyya ta soke na daular Usmaniyya ta Turkawa a 1924. A gefen dama ka rubuta Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, domin ta hannunsa ne lamidan Garwa da Ngawundare suka bi Yola, Yola kuma ta bi Sarkin Musulmi a Sakkwato.

Kalmar da na fi ganin ana yi wa mummunar fahimta ita ce wadda Faransawa ke kira laïcité, da ke cikin tsarin mulkin Kamaru. Ba ƙin addini take nufi ba, tana nufin gwamnati ba ta da addinin hukuma, kuma tana kare mai zuwa masallaci da mai zuwa coci daidai wa daida. A dama ka haɗa ta da dokar Faransa ta 1905, wadda ta raba gwamnati da coci.

Idan shafi ya cika, ka rufe littafin, ka bayyana wa ƙaninka kalma ɗaya da Hausa zalla. Duk inda ka ji bakinka ya koma Faransanci, ka yi alama a wurin, gobe daga nan za ka fara.